Gadar Kasuwa da Kalangun Mahauta

Jiya bayan azahar na kishingiɗa, sai na yi wani mafarki.

Na tsinci kaina a wani gari inda gadoji ke takowa ofis da ƙafarsu a duba lafiyarsu. Suna zaune a benci, kowace da katinta. Ta ƙarshe a layi ita ce tsohuwar gadar kasuwarmu, wadda Umma ke bi duk ranar Laraba da tiren daddawa a ka.

Babban injiniya ƙadangare ne, ya sha kwat. Aka zaunar da ni gaban kwamfuta. Aikin layi biyu ne: a rubuta sau nawa abu ke girgiza gada a daƙiƙa, a rubuta ƙarfin girgizar. Daga nan kwamfuta ta faɗi ko gadar za ta jure.

Ƙadangare ya riga ya cike nasa. Iska, tirela, jirgin ƙasa. Zanen da ya fito a kwamfuta ya kwanta lumui kamar tabarma, ta ce gadar za ta kai shekara ɗari.

Gadar ta yi tari, ƙusa biyu suka faɗo.

"Ranka ya daɗe, ba ka sa kalangu ba," na ce.

"Kalangu kaya ne?"

"Ranar kasuwa makaɗa na yi wa mahauta kiɗa a gindinta. Duk wanda ya hau, ƙafarsa na bin kiɗan bai sani ba. Mutum ɗari uku, taku ɗaya."

Ya gyaɗa kai sau bakwai. A garin, hakan na nufin a'a.

"Samari, wace takarda gare ka?"

"Sakandare."

"To ni nawa digirin sai an ɗauko a baro."

Gadar ta matso kusa da ni. "Rubuta, ɗan nan. Nan ne ke min ciwo."

Na rubuta: sau biyu a daƙiƙa, ƙarfi mai yawa. Zanen ya yi tsini kamar ƙahon bijimi, ya huda gilashin kwamfutar, ya huda rufin kwano. Kwamfuta ta yi ja, ta ce saura Laraba ɗaya. Ƙadangare ya tuɓe kwat ɗinsa ya hau bango.

Sai ga mu a bakin rafi, ruwa na gudu yana komawa kan tudu. Maƙera sun ƙara wa gadar ƙafa biyu, daidai inda ta ce ke mata ciwo. Kalangu ya tashi. Mutane suka hau, taku ɗaya. Umma na tsakiyarsu, ko riƙe tiren ba ta yi ba.

Na ƙirga takunta. Arba'in da ɗaya. Ta sauka a ɗaya gefen, ta hau ciniki.

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni. Umma na tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Tasi'u, ka gama aikin naka na barci?"

"Na gama," na ce.