Muryar Gwaggo Tarana

Tayar mota ta fashe bayan sun wuce Agiye kaɗan, sai direba ya ce kowa ya sauka. Ummukulsum, wadda ta taso daga Gazawa za ta Cadawa gaida ɗiyarta da ta haihu, ta shimfiɗa gyalenta a gindin wani gawo ta zauna. Kusa da ita wata matashiya tana fama da goyonta, jaririyar sai kuka take, an ba ta nono ta ƙi.

Wani tsoho siriri da ya shiga motar a Agiye ya matso. Ya cire hularsa ya kifa ta bisa hannu, ya lanƙwasa yatsu har ta yi kamar baki, ya sauya murya.

"Wane ne ka kuka a gidana? Ni Gwaggo Tarana ko haƙori ban da shi, amma ba ni kuka, sai dai in sa a yi."

Jaririyar ta yi shiru tana kallon hular. Ummukulsum kuwa sai ta juyo ta zuba wa tsohon ido. Shekara kusan arba'in rabonta da muryar nan.

Tana ƙarama, tele guda ce a unguwarsu, a gidan samariya inda matasa ke taruwa, mai aiki da hasken rana. Kowace Lahadi bayan la'asar akan nuna wani shiri na waƙe-waƙe da raye-raye, a tsakani kuma ƴan tsana biyu su leƙo ta bayan labule: Gwaggo Tarana mai ƙaton ɗankwali, da bunsurunta mai cin kayan baƙi. Ko wane mawaƙi aka gayyato, sai Gwaggo ta katse shi ta ce a zamaninsu ba haka ake rerawa ba. Baban su Ummukulsum, Malam Jibrilla, mutum ne da bai cika dariya ba. Yakan zo wai kiran su gida, ya tsaya can baya riƙe da kekensa, kafaɗunsa na rawa, bai tafiya sai an gama.

"Baba," ta ce wa tsohon, "kai ne ke yi wa Gwaggo Tarana magana a tele?"

Tsohon ya dube ta. "Ɗiyata, ashe akwai sauran masu tunawa. Ni ne. Maharazu sunana."

"Mu duk mun ɗauka tsohuwa ce."

"Uwata ma haka ta ɗauka. Har ta rasu tana cewa a gaida mata ƙawarta."

Ta tambaye shi ina Gwaggon take. Ya ce abokinsa Sha'ibu tela ne ya ɗinka ta da ragowar atamfa, shi ke kuma riƙe da bunsurun. Da Sha'ibu ya rasu aka kawo masa wani, suka yi Lahadi uku, ya ga abin bai zauna ba, ya komo gida ya kama noman gyaɗa. Ƴar tsanar ta daɗe cikin akwati, gara ta shiga ta gama da ita.

Ummukulsum ta buɗe jakarta. Sannan ta ciro wayarta ta kira yayanta Isma'ila a Gidan Rumji, wanda ciwon ƙafa ya kwantar tun damina, bai ma son magana da kowa.

"Yaya, wata ke son gaishe ka."

Ta buɗe muryar wayar, ta raɗa wa tsohon sunan yayan da halin da yake ciki, ta miƙa masa.

"Isma'ila," in ji Gwaggo Tarana, "an ce ka kwanta. Wa ka bar wa tsaron bunsuruna?"

 Can sai ga muryar yayanta, dattijo mai jikoki: "Gwaggo, ai bunsurunki ya cinye igiyar."

Maharazu ya rufe ido. Ya juyo ya ce mata a hankali, da tasa muryar, haka yaran da ke wurin ɗaukar shirin suke amsawa kowane mako. Ita ta manta da wannan sarai.

Direba ya gama ɗaure taya ya kira su. Tsohon ya shiga mota da wayar a hannu, shi da Isma'ila suna ta gardama a kan bunsuru, fasinjoji na sa baki. Ba ta karɓi wayarta ba sai a tashar Cadawa.