Jan Layi a Ƙwallon Likitan Shanu

"Ka juya shi, Malam," in ji Dakta daga kan gado. "Hagu ta koma dama."

Malam ya dubi ƙwallon takardar da ya shafe awa uku yana liƙawa. Shekara talatin yana koyar da adabi, yau ga maƙwabci mai rabin jiki yana gyara masa aikin 'yan firamare. Ya ce ƙwallo ai ƙwallo ne. Dakta ya ce irin wannan tunanin ne ke ƙarar da garke.

Likitan Shanu ake kiran Dakta a unguwa, ko da yake bai taɓa riƙe igiyar saniya ba. A ɗakin bincike ya tsufa, yana zana siffar ƙwayar cutar da ke ɗaye wa shanu baki da kofato. Da ɓawonta ake haɗa rigakafi, amma da ya sha zafi sai ya wargaje a hanya. Siffar wannan ɓawon ce Malam ke haɗa masa da takarda. Dakta ya yi imani ya gano gaɓar da ke fara ɓallewa, sai dai bayan shanyewar jiki ta ƙwace masa hannun rubutu. Ɗalibarsa da ta gaji kujerarsa za ta zo ran Asabar. Likitan asibiti bai yi alkawarin Dakta zai kai Asabar ba.

Malam ya ɓare takardar, ya sake. Tun rasuwar matarsa ba wanda ya yi masa faɗa, har ya manta daɗin abin.

Ran Alhamis ƙwallon ya yi daidai. Malam yana juyawa a hankali, fuska bayan fuska, har Dakta ya ɗaga yatsa.

"Nan. Ja jan layi."

"In ka yi kuskure fa?"

"Sai ta zage ni. Ai ba ji zan yi ba."

Dakta ya cika ran Juma'a da hantsi, 'yarsa tana gyara masa matashi.

Ɗalibar ta iso ta tarar da takalma jibge a ƙofa. Malam ya miƙa mata ƙwallon, ta karɓa don kara kawai, ya kuwa gane.

"Mun gwada gaɓar nan tun bara, Baba," ta ce a tausashe, tana nuna jan layin.

Ta sake dubawa, ta ƙirga da yatsa, ta kuma ƙirgawa.

"A'a. Ta gefenta muka gwada."

Ta zauna a bakin ƙofar, ƙwallon a cinyarta, tana rubutu a tafin hannu. Masu ta'aziyya suna ratsa ta gefenta, suna neman takalmansu.