Ranar da Yaya Ta Ce Ya Tashi

Tun yana ƙarami ake ce masa Ƙwai a gida, domin jininsa ba ya tsayawa. Idan ya yanke, sai a wuni ana fama. Idan ya bugu a gwiwa, jini ya taru a ciki, gwiwar ta kumbura suntum. Kafin mahaifiyarsu ta rasu ta damƙa shi a hannun yayarsa, ita kuwa Yaya kalma ɗaya ta riƙe har shekara arba'in: zauna.

Ya kuwa zauna. Ya koyi gyaran agogo, sana'ar da ba ta bukatar komai sai ido da haƙuri. Shagonsa na jikin ƙofar gida, taku bakwai daga ɗakinsa, da kujera mai matashi biyu da teburin da Yaya ta sa kafinta ya goge masa kusurwoyi. Ko ɗan noti ne ya faɗi ƙasa, ita ke sunkuyawa ta ɗauko.

Ran da suka je asibiti karɓar allurar da ke taimaka wa jininsa ya daskare, likitar ta ɗaura masa abin awo a dantse. Ta duba, ta sake aunawa.

"Jininka ya hau, Malam. Zuwa na uku ke nan ina ganin haka."

Ya yi dariya. "Likita, ni da jinina ke gudu kamar ruwa? Ai an ce irinmu jijiya ba ta toshe mana."

"Haka ake faɗa. Amma hanyoyin jini suna tsufa, suna tauri, kitse na kwanta musu kamar na kowa. Kai kuma idan hawan jini ya fasa 'yar jijiya a ka, tsayar da ita ya fi wuya."

Yaya ta gyara zama. "Maƙwabcinmu asfirin yake sha saboda zuciya. In sayo masa?"

"Kada ya kusance shi, Mama, tsinka jini yake yi. Zan rubuta wanda ya dace da shi. A rage gishiri. Sannan ya riƙa tafiya kullum."

"Tafiya? Da wannan gwiwar?"

"A hankali, a hanya mai kyau, da takalmin kirki. Zaman nan ya tsare masa gwiwa, ban musa ba. Amma yanzu zuciyarsa yake ci."

Yaya ta karɓi maganin, suka koma gida. Kwana uku tana kawo masa magani da ruwa, miya ta koma lami, amma zancen tafiya ko da wasa ba ta tayar ba. Shi ma bai tayar ba, don ya ga yadda take kallon kujerar nan kamar an kama ta da laifi.

A rana ta huɗu da safe yana buɗe shago ya hango ta can ƙasan layi, sunkuye da tsintsiya. Tun daga ƙofarsu har famfon bakin titi ta share, ta tsince duwatsu da fasassun kwalabe ta zuba a bokiti.

Kafinta ya leƙo daga rumfarsa. "Yaya, an ɗauke ki aikin shara ne ba mu ji ba?"

"Ka kwashe ƙusoshinka daga hanya, shi ne kawai tsakanina da kai."

Ta dawo tana share gumi, ta tsaya a kansa.

"Tashi."

Ya cire gilashin aiki daga idonsa. "Me kika ce?"

"Ka ji ni sarai. Kada ka sa in maimaita, bakina bai saba ba."

Suka kama hanya. Tana gabansa da rabin taku, hannunta a miƙe ta baya kamar mai koya wa yaro tafiya, amma ba ta taɓa shi ba. Gwiwarsa ta hagu tana ɗan ja. Ya wuce rumfar kafinta, ya wuce kantin mai sabulu, wanda shekara da shekaru muryarsa kawai yake ji daga kujera.

"Yaya, ke ce ke haki fa, ba ni ba."

"Ka kalli gabanka, ɗan nema."

A bakin famfo ya dafa bango, ya duba agogon hannunsa. Minti tara. Akwai wani benci a gefe. Yaya ta kalle shi, ta kalli ƙanenta, ta buɗe baki za ta ce ya zauna, sai ta fasa.

"Gwiwar fa?"

"Lafiya lau. Gobe har wancan maɗacin za mu je," ya ce, yana nuna bishiyar da ke gaba.

Ta auna nisan da ido, ta daɗe tana kallo.

"To. Amma sai na share can tukuna."