Zoɓo a Kofin Giya

...kuma wa zai yarda zoɓo ne? Wa? Lawal yana kallon kofin mai dogon wuya da ke gabansa, ja wur, sak irin na Turawan da ke gefensa. Raki ce ta ajiye masa, 'yarsa tilo, ta raɗa masa: "Zoɓo ne, Baba. Ni na dafa." Wai don kada ya zauna hannu rabbana. Ta yi masa gata, ta kuma ɗaure shi tamau.

Ga ta can gaban zauren, yau aka ba ta shaidar ƙwarewa a ɗanɗanon giya... giya fa. Tana juya kofi tana shinshinawa. Jar giyar Bordeaux, wai yankin da inabinsa ya fi na kowa daraja. Tana cewa akwai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da kanumfari, da tsohon itace — sai ya tuno shagonsa na turare a unguwarsu ta Gorton, tana 'yar mitsitsiya, ya rufe mata ido da tafinsa, wannan fa? Miski. Wannan? Sandal. Ya dinga nuna ta ga masu saye, baki har kunne. To, ga ribar.

Ya ce ba zai zo Birmingham ba. Ya faɗa, ya nanata. Sai ga shi a jirgin ƙasa, har da sabuwar hula, dattijon banza.

Mai ɗaukar hoto yana zagayawa. Hoto ba shi da hanci. Gobe yana wayar mutanen masallaci, jibi Kano, yayansa Alhaji Uba ya kira... ladan guda da kofi a hannu? Wa zai sake amsa kiran sallarsa?

Ƙofa ta yi nisa, kujeru sun tokare hanya. Kowa ya miƙe, an ɗaga kofuna don Raki. Ba su take kallo ba. Shi take kallo, kallon nan na ranar da ta kwashe kayanta daga gida — in bai ɗaga ba, ba za ta ƙara roƙonsa komai ba, ya sani, zuciyarsa ce da ita.

Ƙamshin zoɓon ya taso. Citta... ɓawon abarba... haka matarsa Habibatu ke dafa shi, Allah ya ji ƙanta. Ashe yarinyar ta riƙe. Da hanci ta riƙe uwarta, hancin da shi ya horar.

Yatsunsa sun kama wuyan kofin. Tsoro yake ji, kuma yana son yarinyar nan. Bai ɗaga ba, bai saki ba... mai hoton ya juyo.