Sa Hannun Mutum Ɗaya

Muntaka tela ne a unguwar Balad. Shekararsa talatin da ɗaya a Jidda, cikin wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya a bayan masu sayar da yadi, yana ɗinka jallabiya yana rage wa alhazai tsawon wando. Matarsa Zaituna ta rasu a shekarar 2008, bayan ciwon daji ya ci ta wata goma sha huɗu. Allah bai ba su haihuwa ba. Mutuwar ya karɓe ta, don dama kowa ya ga tana tafe. Abin da ya ƙi barin zuciyarsa shi ne aman da ba ya tsayawa, da raɗaɗin da ke sa ta cije bakin zani don kada maƙwabta su ji.

A zauren jira na asibiti ya san wasu masu jinyar 'yan'uwansu irinsa. Duk wanda ya ji Hausa a bakin wani sai ya matso. Daga gaisuwa aka koma tambayar mai jiki, daga nan aka fara haɗuwa ranar Juma'a bayan la'asar a gidan Abdulwahid da ke unguwar Safa. Abdulwahid Bahaushen Sudan ne, yana aiki a kantin magani, ƙanwarsa na fama da farfaɗiya. Shi ya zo da maganar. Wata Juma'a ya fito da wasu takardu da ya ciro daga intanet, ya ce a wasu ƙasashe likitoci na ba masu irin wannan lalura maganin da aka tace daga tabar wiwi, yana kwantar da amai, yana rage zafin ciwo.

 Wani ya tashi ya rufe taga.

Su tara ne. Cikin wata biyu duk sun amince da abu ɗaya: in dai magani ne, likita ya auna, likita ya bayar, to ya kamata a nema wa majinyata. Yadda za a nema ne ya raba kansu.

Muntaka ya ce, "A rubuta takarda. A kai wa likitoci, a kai wa malamai. Mu ce ga abin da muka gani da idonmu, a duba mana ko akwai hanyar da ta halatta. Kowa kuma ya sa sunansa, don takardar da ba suna kwandon shara za ta."

Abdulwahid ya girgiza kai. "Ya Malam, suna? A ƙasar nan, a kan wannan abu? Kafilina da ya tsaya mini a ƙasar nan ya ji, halas, gobe ina jirgi. A rubuta ba suna, a saka a intanet, ta yi yawo da ƙafarta. A hankali ake bi."

Salihu na zaune kusa da ƙofa. Ɗan dako ne a rumbunan ajiya na unguwar Khumra, ya zo umra da matarsa da mahaifiyarsa Dela shekara shida baya, ba su koma ba. Ciwon dajin Dela ya kai ƙashi. Sau ɗaya aka taɓa duba ta a asibiti, shi ma da alfarma.

Salihu ya ce, "Kawu, kai kana da iƙama, takardar izinin zama. Ni in sa sunana in ce ni wane ne? A wurinsu ni ba na ƙasar nan ma. Inna ta kwana huɗu ba ta runtsa ba. Kafin takardarku ta kai teburin wani mun binne ta. Ni na san wani a Khumra da ke iya samo…"

"Kada ka ƙarasa," in ji Muntaka.

"Zan ƙarasa. Da Zaituna na raye, aka ce maka ga shi a kwalba, za ka tsaya rubuta takarda?"

Muntaka ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.  Da ya buɗe baki sai ya ji muryarsa ta fi yadda ya so kaushi.

"Abin da ɗan kwararo zai miƙa maka ba ka san me ya zuba ba. In aka kama ka da shi, ka san hukuncin, kuma ka kashe maganar ga kowa, don za a ce dama mashaya ne suka fake da marasa lafiya. Ka kawo abin nan cikinmu, ba ni ba kai."

Salihu ya sa takalmansa ya fita. Mutum uku suka bi bayansa. Sauran suka ce sun fi karkata ga shawarar Abdulwahid.

Muntaka bai fasa ba. Ya je wurin masu rubuta wa mutane wasiƙa, ya faɗi abin da yake so, aka rubuta masa da Larabci mai tsabta. Ya bar layi tara a ƙasa don sa hannu. Ya zaga da ita sati biyu. Wani ya ce bari ya yi shawara da iyali, wani ya ce yana wurin aiki, wani ya daina ɗaga waya. Daga ƙarshe ya sa hannu a layin farko, ya rubuta lambar iƙamarsa, ya kai wa likitan da ya duba Zaituna. Likitan ya karanta a tsaye, ya dube shi ta saman tabarau, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya juya ya koma bakin aikinsa.

Kwana goma bayan haka aka kama Salihu.

Labarin ya iso Balad a gurguje, kuma ya iso da ƙari. Aka ce telan nan ne ya kai sunaye. Aka ce ai an ji shi da bakinsa yana cewa ba shi ba Salihu. Masu kawo masa ɗinki daga Khumra suka ɗauke ƙafa. A masallaci mutum kan ba shi hannu yana kallon wani wuri. Ya hau tasi ya je Safa, Abdulwahid ya buɗe ƙofa kaɗan, ya tsaya a tsakani.

"An dakatar da zama, ya Malam. Yanzu ba lokacinsa ba ne."

"Kai ma ka yarda ni na yi?"

"Ban ce ba. Amma ka kai takarda, aka kama mutum. Ina da iyali."

Muntaka ya koma shago. Ya yi ta taka keke yana ɗinke kayan da ba wanda ke jiran su da gaggawa. Abinci yakan saya a ƙulle, ya ci a kan teburin yanka yadi. Wata rana ya lura tun safe bai yi magana da kowa ba sai mai burodi.

A sati na uku likitan ya kira shi. Ya ce abin da ya nema ba ya hannunsa, ba kuma ya hannun wanda ke sama da shi, ya shawarce shi kada ya sake yawo da irin wannan takarda. Amma ya ce akwai magungunan rage raɗaɗi masu ƙarfi da doka ta yarda da su, waɗanda sau da yawa ba a kai wa talaka a kan lokaci. In akwai mai tsananin buƙata, ya kawo shi ranar Talata, zai duba shi da kansa.

Washegari da hantsi Muntaka ya tafi Khumra. Rabi, matar Salihu, ta ga shi ta juya baya, amma Dela ta ji muryarsa daga ciki ta ce a bar shi ya shigo. Tana kwance a kan katifa, ta ƙanƙance har ya kusa kasa gane ta.

"Hajiya, ya jiki?"

"Jiki ya yi nisa, Malam. Zauna. Na ji abin da ake faɗa a kanka. A bakin titi aka tare motar da ke kai su aiki, aka nemi takardu, aka kwashe su goma sha biyu. Ba a same shi da komai ba. Ya je wurin mai tabar nan sau biyu, ya dawo hannu wofi. Ya ce, Inna, tsoro nake ji in ba ki abin da zai ƙarasa ki."

Muntaka ya sunkuyar da kai. Ya faɗa mata maganar likita da ranar Talata.

Ta ce, "Allah ya saka masa. Amma an ce jibi za a sa Salihu a jirgi. Ni abin da ya rage mini ba na son in yi shi a nan ba tare da shi ba. Mu ma za mu miƙa kanmu a mayar da mu gida. Ka raka mu."

Ya roƙe ta ta bari a ga likitan ko sau ɗaya ne. Ta ƙi. Ya dubi Rabi ko za ta sa baki, Rabi ta ce maganar Inna ita ce magana.

Ranar Lahadi ya zo da keken guragu da ya aro a masallacin unguwarsu. Ya tura Dela har ƙarƙashin gadar da marasa takardu ke taruwa suna jiran a zo a kwashe su. Mutane ne birjik a kan kwalaye da tabarmi, da jakunkuna, da yara. Suka jira tun safe har bayan azahar, yana yi mata fifita da kwali. Da motar hukuma ta zo, shi da Rabi suka ɗaga ta suka shigar. Ta riƙe hannunsa ta taga, ta ce ya yafe wa Salihu maganar da ya faɗa masa. Ya ce shi ma a ce wa Salihu ya yafe masa.

Motar ta tashi. Muntaka ya yi ƙoƙarin ninke keken, ya ƙi ninkuwa. Ya tsayar da tasi biyu, duka suka ce ba zai shiga ba. Sai ya ɗora jakarsa a kan mazaunin, ya kama hannayen, ya tura shi a gefen titi ya nufi Balad a ƙasa.