'Ya'yan Aku a Ɗakin Ɗinki

Tsuntsayen na maigidanta ne, kuma ba ta taɓa ɓoye masa cewa ba sa burge ta ba. Ƙananan aku ne guda biyu, mace da namiji, irin waɗanda ba su wuce tafin hannu ba, masu launin kore da ɗorawa da zanen baƙi a fiffike. Kejinsu yana rataye a baranda dab da tagar ɗakin da take ɗinki, shi ya sa kullum sai ta kakkaɓe ɓawon tsaba daga yadin mutane. Ita tela ce, maigidan kuwa direban babbar mota ne. Idan ya tafi yakan yi wata guda ko fiye, ya bar ta da mahaifiyarsa da tsuntsayen.

Kafin wannan tafiyar macen ta yi ƙwai biyar a ɗan akwatin katako da ke manne da kejin. Ya yi ta jaddada mata ruwa da tsaba, da cewa kada kowa ya leƙa akwatin. Bayan tafiyarsa uku suka ƙyanƙyashe, kwana bibbiyu tsakani.

Ranar da babban ya cika kwana shida, ta buɗe kejin da safe za ta sauya ruwa, sai aka buga ƙofar gida. Wata da ta kawo ɗinki ce ta zo karɓar riga. Ta tafi da kofin ruwan a hannu, ta bar ƙofar kejin a buɗe. Kafin ta dawo macen ta fito, ta tsaya a kan igiyar shanya kamar mai shawara, sannan ta haye katanga. Ita da surukarta suka zagaye layin suna kaɗa gwangwanin tsaba har rana ta take, ba su ga ko gashinta ba. Namijin ya zauna a kan sandarsa yana ta kira, ya ƙi shiga akwatin.

Da azahar ta buɗe akwatin. Ta tarar da wasu 'yan tsoka uku jajaye, ba gashi, idanu a rufe, kai ya fi ƙarfin wuya. Da ta taɓa su ta ji sun yi sanyi. Ƙwai biyun suna gefe.

Ta kira maigidan ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ya ce ta bar su kawai, babu mai raya su a wannan ƙanƙantar, shi ma ya taɓa gwadawa bai yi nasara ba.

Ta ce, "Ni na bar ƙofar a buɗe. Ba zan zauna ina kallo su mutu ba."

Ta naɗe su har da ƙwan a auduga ta sa cikin kwalin zare, ta hau mota zuwa shagon wata likitar dabbobi da ke bayan kasuwa. Likitar ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta haska ƙwan da tocila, ta nuna mata wata inuwa tana motsi a cikin ɗaya. Ɗayan kuwa ta ce ba ta da tabbas. Ta ba ta gwangwanin garin da ake dama wa 'ya'yan tsuntsu da ma'aunin zafi, ta ɗauki ƙaramin cokalin shayi ta lanƙwasa gefensa da filaya har ya yi kama da bakin uwar. Ta nuna mata 'yar jakar da ke ƙasan wuyan kowanne, inda abinci ke taruwa ana ganinsa ta cikin fata. Duk bayan awa biyu za a ba su, da ɗumi, ba zafi ba sanyi. Ƙwan kuma a riƙa juya su, a ajiye ruwa kusa don kada ɓawon ya bushe. Ta ƙara da cewa kada ta sa rai da yawa.

A gida ta kwashe yadika daga ƙaramin teburinta, ta huda kwali ta saka ƙwan fitila a sama, ta shimfiɗa ƙyallayen da suka rage daga ɗinki. Ta yi wa ƙwai biyun alama da allin tela don ta san gefen da aka juya. Surukar tana tsaye a bakin ƙofa tana kallo, ta ce ita dai ta ga ikon Allah, haihuwar biyar lokaci guda ba naƙuda. Ta ce kada a sa ta cikin wannan aikin. Washegari da hantsi telar ta shigo daga kicin ta tarar da tsohuwar ta sa tabarau tana juya ƙwan da ɗan yatsa.

"Inna, ai kin ce babu ruwanki."

"Hannuna ne ba ya son zama haka nan, 'yar nan. Je ki duba abincinsu kada ya huce."

Kwanakin farko sun ba ta wuya. Babban yana karɓar cokali da ƙarfi har yana girgiza kai, ta sa masa suna Acici. Na biyu shiru-shiru ne. Na ukun sai ta taɓa gefen bakinsa sau uku ko huɗu kafin ya buɗe. Ta saita ƙararrawar waya, tana tashi daga kan keken ɗinki a tsakiyar layi, ta dama, ta ɗiga a bayan hannu, ta ba su, ta goge musu baki da auduga, ta tafasa cokalin. Barcinta ya zama guntu-guntu, idanunta suka yi ja. Ɗinkin mutane ya taru. Wata ta zo sau biyu ba ta samu kayanta ba, ta karɓi yadinta ta ce za ta kai wa wanda ba ya renon tsuntsu. Telar ta ninke mata shi da kyau ta ba ta haƙuri.

A rana ta uku aka ɗauke wuta da tsakar rana, ga ruwan sama ya kawo sanyi. Ta dafa ruwa ta cika kwalabe biyu, ta naɗe su da tawul ta jera a gefen kwalin, tana duba ma'aunin tana sauya ruwan. Surukar ba ta yarda da kwalba ba. Ta ɗauki ƙwan biyu ta naɗe a auduga, ta cusa a cikin rigarta a ƙirji, ta zauna a kujera a miƙe kamar wadda za a ɗauka hoto. Awa huɗu ta yi a haka, ko tari ta ƙi yi. Da maƙwabciya ta shigo za ta rungume ta a gaisa, ta ɗaga hannu ta ce a gaisa daga nesa, tana kwanci.

Na biyun ne ya mutu. Ta lura jakar wuyansa ba ta saɓewa, amma da ƙararrawa ta buga sai ta ƙara masa, tana tsoron yunwa. Da safe ta same shi a kwance a gefe. Ta daɗe da shi a tafin hannu, sannan ta binne shi a tukunyar fure. Ba ta ci abinci ba ranar. Ta kira likitar ta tambaye ta kuskurenta dalla-dalla, likitar ta ce ba a ƙara sabo a kan tsohon da bai narke ba, kuma wataƙila abincin ya huce a cokali. Daga ranar ta daina bin agogo kaɗai, sai ta duba wuyan kowanne tukuna. Kofin abincin kuma ta riƙa ajiye shi cikin kwanon ruwan ɗumi har a gama.

Kwana biyu bayan haka ta ji wani ɗan ƙara daga cikin ƙwai, ta ga ƙaramin tsagi a ɓawon. Tun safe har la'asar tsagin bai ƙaru da yawa ba. Ta ɗauko allura ta ajiye, ta sake ɗaukowa. Likitar ta riga ta gargaɗe ta cewa wanda aka ɓare wa ƙwai kafin lokaci jini ke kashe shi. Ta miƙa wa surukarta allurar ta ce ta ɓoye mata, ta koma kan keke ta yi ta ɗinke hannun riga ɗaya tana farkewa. Dab da magariba ɓawon ya rabu biyu, wani abu da bai fi kan ɗan yatsa ba ya mirgino, jiƙe, yana numfashi. Suka sa masa Auta. Ƙwai na biyar bai taɓa motsi ba, bayan mako guda ta cire shi.

Auta bai iya cokali ba, da tsinken ashana ta fara ɗiga masa. Ya rayu, amma da ya kai kwana goma ta ga ƙafafunsa sun tale gefe da gefe, yana jan ciki, alhali yayyensa sun buɗe ido sun fara fitar da tsinken gashi. Likitar ta ce santsin kwali ne, kuma idan ba a haɗa ƙafafun yanzu ba haka zai tabbata. Telar ta yanko soson da take sa wa kafaɗar riga, ta huda ramuka biyu, ta zura ƙafafun. Na farko ya yi faɗi, ya zame. Na biyu ya matse har yatsun suka canja launi, ta yi maza ta cire. Sai a na huɗu ta samu daidai. Ta zaunar da shi a cikin ƙaramin kofi da ƙyalle don kada ya kife, kullum tana cire soson ta murza masa ƙafa ta mayar. Bayan kwana tara ta cire gaba ɗaya. Ya yi tangaɗi, ya faɗi, ya tashi ya tsaya.

Lokacin da maigidan ya dawo, manyan biyun sun yi gashi, ɗaya kore, ɗaya ya fito shuɗi, abin da ya ba kowa mamaki. Suna fasa tsaba da kansu, suna tashi daga kan keken ɗinki zuwa labule. Ya tsaya a ƙofar ɗakin da jakarsa a kafaɗa, ya ƙirga su da ido. Ya miƙa yatsa ga Acici, Acici ya tashi ya sauka a kan ɗankwalin telar. Surukar ta yi dariya ta ce ai ba su san baƙo ba.

Ya tambayi ina ɗayan, ta faɗa masa yadda aka yi. Ya gyaɗa kai, ya ajiye jakar. Auta ya fara kuka daga cikin kwando, lokacin cinsa ya yi. Ta dama abincin, ta ɗiga a bayan hannu, sai ta ga maigidan ya janyo kujera ya zauna.

Ya ce, "Nuna min yadda ake yi."

Ta ce ya je ya wanke hannu tukuna, da sabulu, yana warin man mota. Da ya dawo ta ɗora masa Auta a kan tawul, ta gyara masa riƙon cokalin, ta nuna masa gefen bakin da zai taɓa. Rabin abincin ya zube a wandonsa. Ta ce ba komai, ya sake ɗibowa, amma ya yi sauri kafin ya huce.