Sigari Biyu na Kawu Rosendo

Tukunyar iskar da muke goyawa mu yi nutso ba ta da allurar da ke nuna abin da ya rage, kuma babu mai agogo a cikinmu. Agogona shi ne Kawu Rosendo, ƙanen mahaifiyata, mai tuƙa mini kwalekwale. Ina nutsewa neman lobsta, wato manyan jatan lande na ƙasan teku, sai ya kunna sigari. Idan kara na biyu ya ƙare, ya bubbuga cikin kwalekwalen da filafili, ni kuma in taso a hankali, ina bin bayan kumfata. Shi ma da mai nutso ne. Yanzu jan ƙafar hagu yake da sanda.

A kwana na tara da barinmu gaɓar garin Puerto Lempira, igiyar ruwa ta jiƙa masa kwalin sigarin.

"Nilo, hau ka huta. Tukunya takwas ka sha tun safe."

"Kawu, ka ƙirga da baki mana."

"Ni da ban wuce aji biyu ba? Kai da ka kai aji biyar me ka ƙirga?"

Na yi dariya na faɗa ruwa. Tun ina makaranta ban iya zama wuri ɗaya ba.

A ƙasa na tarar da rami cike da lobsta, a zurfin wajen gaba ashirin. Ina ta zaƙulowa, kunnena na jiran bugun filafili. Ko ya buga ban ji ba, ko bai san lokacin bugawa ba, har yau ban tambaye shi ba. Sai kawai na ja iska na ji kamar ina tsotsar busasshen rake. Na saki buhun lobstar na harbo sama, na wuce kumfata.

Ban gama shan ruwa ba bayana ya ɗauki zafi, ƙafafuna suka fara yam-yam.

"Motsa ɗan yatsan ƙafarka," in ji Kawu.

Yatsan bai motsa ba.

Muka koma babban jirgin da ya kawo mu. Kyaftin ya leƙo, ya ce asibitin da ke da injin wannan ciwo tafiyar yini da rabi ne, kuma ba zai juya da mutum arba'in ba sai kwana sha biyu sun cika. Wani ya ce matar ruwa ce ta taɓa ni. Kawu ya mayar da ni kwalekwale. Ya ɗaura mini sabuwar tukunya, ya ɗaure ni da igiya a ƙugu. Haka muke yi: wanda ruwa ya buge, a mayar da shi inda ya buge shi.

"Kai ma an yi maka haka?"

"Sau uku."

Na kalli sandarsa. Ya kau da kai.

Suka zura ni. Ina isa ƙasa zafin ya sake ni. Na motsa yatsu, suka motsa. Na harba ƙafa, na taka yashi, har 'yar tsalle na yi ni kaɗai.

Da iskar ta fara tauri suka jawo ni a hankali. Tun ina hango cikin kwalekwalen ƙafafun suka fara barina, daga tafi zuwa gwiwa.

Kawu ya tallabo ni, ya kwantar.

"A sake, Kawu. A can lafiyata lau."

"Na sani, ɗan nan."

"Har yaushe mutum zai iya zama a ƙasa?"

Ya dubi kwalin da ya shanya a rana.

"Sigari biyu," ya ce. Ya jawo wata tukunyar.